Daga "nemo" zuwa "tabbatar da cewa": inda ɗaliban lissafi ke faɗuwa a Tek, da hanyar shiga binciken manɗiƙi

Yaron da ya taso a Aboabo ko Asawase, ya fita WASSCE da A1 a lissafin zaɓi, ya samu gurbi a sashen lissafi na jami'ar KNUST, wadda mutanen Kumasi ke ce wa Tek, yakan shiga aji da tabbacin cewa ya san hanya. Shekarar farko ma takan ƙara masa ƙwarin gwiwa, domin kalkulas da aljebra da bekta duk ci gaban abin da ya baro ne a sakandare: a ba ka tambaya, ka zaɓi dabarar da ta dace, ka fitar da amsa. Sai an shiga kwasa-kwasan analisis da aljebrar layi da ilimin gurup, daga shekara ta biyu zuwa ta uku, takardar jarrabawa ta sauya harshe. An daina cewa "nemo", an koma "tabbatar da cewa". Ga kalkuleta a kan tebur, amma babu abin dannawa. A nan ne CWA, wato matsakaicin makin ɗalibi, da ya haura 70, matakin digiri mai daraja ta ɗaya a Tek, yake fara zamewa, har wani ya kwashi tirel, wato ya faɗi, a kwas ɗin da ya fi kwana a kansa. Haka abin yake a jami'o'in Legon da Cape Coast, ma'aunin makin ne kawai ya bambanta.

A gida akan ce yaro ya shiga jami'a ya sangarce. Sau da yawa zargin bai hau ba. Abin da ya rasa shi ne manɗiƙi, ilimin da ke nuna yaushe magana take haifar da wata magana dole, yaushe kuma take kama da ta haifa alhali ba ta haifa ba. Sassan lissafi sukan sa ɗan kwas na manɗiƙi da ilimin tari a farkon karatu, ɗalibai kuma sukan mayar da shi wurin tara maki: a haddace jadawalin gaskiya, a zana da'irori biyu masu shiga juna, a wuce. Bashin wannan sakaci ne ake biya har ranar kammalawa.

"Idan… to…"

Jadawalin gaskiya aikin inji ne. Jimla mai harufa 3 tana buƙatar layi 8, mai harufa 10 layi 1,024, mai 20 ta haura layi miliyan ɗaya. Babu mai yin hujja ta wannan hanya. Amfanin jadawalin shi ne layi ɗaya da ya kamata ya zauna a kai: "idan P, to Q" ƙarya ce a hali guda tak, inda P ta tabbata amma Q ba ta tabbata ba. Daga wannan layi abubuwa uku suke fitowa, kuma kowannensu yana cin maki.

Na farko shi ne juyi. "Idan n tana rabuwa da 4, to n cika ce" gaskiya ne. Juyinta, "idan n cika ce, to tana rabuwa da 4", lamba 6 ta rusa shi. Abin da yake daidai da maganar asali shi ne juyi haɗe da korewa: "idan n mara ce, to ba ta rabuwa da 4". A misali irin wannan kowa yana ganin bambancin. Da an koma tiyorem na gaske sai ido ya rufe. Kowane jerin lambobi da ya doshi iyaka yana da shinge sama da ƙasa, amma jerin 1, -1, 1, -1 yana da shinge kuma bai doshi ko'ina ba. Duk da haka, a kowace shekara sai an samu takardun da suka ce "jerin yana da shinge, saboda haka ya doshi iyaka".

Na biyu shi ne fara hujja daga abin da ake son tabbatarwa. Ɗalibi ya rubuta maganar da aka tambaye shi, ya yi ta sarrafa ta har ya iso 0 = 0, ya ja layi biyu. Abin da ya nuna shi ne cewa idan maganar gaskiya ce, to 0 = 0, kuma ƙarya ma tana iya kai mutum can: ɗauki 1 = 2, ninka kowane ɓangare da sifiri. Wannan hanya tana karɓuwa ne kawai idan kowane mataki yana komawa baya, kuma sai an faɗi hakan a rubuce.

Na uku shi ne wanda yake ɗaure wa mutane kai: idan P ƙarya ce, "idan P, to Q" gaskiya ce ko mece ce Q. Shi ya sa tarin da babu komai a cikinsa yake ɓangaren kowane tari. Domin a ƙaryata hakan sai an nuno wani abu a cikinsa da babu shi a ɗaya tarin, ga shi kuma babu abin nunawa.

Wanda ya yi karatun zaure ya taɓa manɗiƙi yana da riba a nan, yana kuma da tarko. Ilimin ba baƙo ba ne a wajenmu. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccin karanta shi, kuma Sullam na Ahdari, da aka rubuta a ƙarni na 16, har yau ana karantar da shi a zaurukan malamai na Afirka ta Yamma. Almajirin da ya saba da muƙaddima ƙarama da babba da natija ya riga ya san cewa ingancin ƙiyasi a siffarsa yake. Tarkon kuwa, a wancan tsari "duk A B ne" tana ɗauke da "wasu A B ne", domin an ɗauka akwai A. A lissafin zamani ba a ɗauka haka ba, tari yana iya zama fanko. Sannan ƙiyasin gargajiya ba shi da hanyar sarrafa jimlar da "kowane" da "akwai" suka shiga cikin juna. Sai a 1879 Gottlob Frege ya fito da rubutun da ya iya wannan, kuma analisis gaba ɗayansa da irin waɗannan jimloli aka gina shi.

Wa ya fara magana, "kowane" ko "akwai"?

"Kowane yaro a Aboabo yana da uwa" gaskiya ne. "Akwai mace guda wadda ita ce uwar kowane yaro a Aboabo" ƙarya ne. Kalmomin kusan ɗaya ne, jerin ne ya sauya. A jimlar farko uwa ta dogara da wane yaro aka ɗauko. A ta biyu an tsayar da mace tun kafin a kira yara. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin kwas ɗin analisis.

Ma'anar ɗorewar fankshan f a wurin a tana cewa: ga kowane ε da ya fi sifiri, akwai δ da ya fi sifiri, ta yadda ga kowane x, idan tazarar x da a ba ta kai δ ba, to tazarar f(x) da f(a) ba ta kai ε ba. Abin kamar ciniki ne a kasuwar Kejetia: abokin hamayya ne yake fara faɗin ε, kai ka mayar masa da δ, shi kuma ya zaɓi x yana neman kama ka. Kana da damar duba ε ɗinsa kafin ka yi tayi, amma ba ka da damar ganin x, domin bai fito da shi ba tukuna. Saboda haka duk hujjar da δ ɗinta ya ƙunshi x ta mutu tun a layin farko, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Ga yadda ake yi da f(x) = x² a wurin 3. A takardar gwaji, rubuta tazarar x² da 9 a matsayin |x − 3| sau |x + 3|. Kashi na farko δ ne yake riƙe da shi. Na biyu yana yawo da x, dole a ɗaure shi. Sai ka ce δ ba zai wuce 1 ba, wanda ya sa x tana tsakanin 2 da 4, don haka |x + 3| bai kai 7 ba. Yanzu tazarar ba ta kai 7δ ba, kana so kada ta kai ε, sai ka ɗauki δ ya zama ƙarami tsakanin 1 da ε/7. Wannan duka aikin baya-baya ne, na gefen takarda. A hujjar da za a miƙa, jerin yana juyawa: a fara da "a ɗauki ε", a bayyana δ, a ɗauki x, sannan a gangaro zuwa sakamako. Ɗalibai da yawa suna miƙa aikin gefen a matsayin hujja, su yi mamakin samun maki 3 cikin 10.

Ɗorewa ta bai-ɗaya tana sauya wurin kalma guda: a nan δ ɗaya zai yi wa kowane wuri a aiki. Fankshan x² bai cika wannan sharaɗi ba a kan dukan layin lamba. Matsa daga 5 zuwa 5.001, x² ya motsa kusan 0.01. Yi matsi irin wannan daga 5,000, ya motsa kusan 10. Duk ƙanƙantar δ, akwai wuri can gaba da ba zai isa ba. Domin rubuta wannan a matsayin hujja sai an iya kore jimla, kuma korewa tana da doka: kowane "kowane" ya koma "akwai", kowane "akwai" ya koma "kowane", jerin ya zauna yadda yake, sannan "idan P, to Q" ta koma "P ta tabbata, Q ba ta tabbata ba". Wanda ya zauna mako guda yana kore ma'anonin kwas ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, a rubuce, ya fi wanda ya haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi na shekara biyar samun abin da zai shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Misalai, ko nawa ne, ba sa zama hujja. Lissafin n² + n + 41 yana ba da lamba firam, wadda 1 da ita kanta kaɗai ke raba ta, daga n = 0 har 39, sau 40 a jere, sai a n = 40 ya ba da 1,681, wato 41 sau 41. Misali ɗaya mai rusawa ya isa. Hujjar mataki-mataki, inda ake tabbatar da magana a kan 1 sannan a nuna idan ta tabbata a kan n za ta tabbata a kan n + 1, ita ma tana da ramin da ake faɗawa. Akwai sananniyar "hujja" cewa duk tumaki launinsu ɗaya: tunkiya guda launinta ɗaya, a garken n + 1, cire ta farko sauran launinsu ɗaya, cire ta ƙarshe sauran launinsu ɗaya, na tsakiya sun haɗa su. Ramin yana tsakanin 1 da 2, inda babu tunkiyar tsakiya. Darasin a aikace shi ne a gwada matakin hawa da hannu a ƙananan lambobi kafin a yarda da shi.

Lokacin da hujja kanta ta zama abin bincike

Abin da ya gabata manɗiƙi ne a matsayin kayan aiki. Manɗiƙin lissafi, a matsayin fagen bincike, yana ɗaukar jimla da hujja da lissafin inji ya mayar da su abubuwan da ake yi wa tiyorem. Tilas ce ta haife shi. Georg Cantor ya nuna a 1874, ya sake nunawa da wata dabara a 1891, cewa lambobin layi, wato duk lambobin da ke kan layin lamba, sun fi lambobin ƙirga yawa duk da cewa dukansu ba su da iyaka. Dabarar 1891 gajera ce: a kawo kowane jeri na lambobin da ke tsakanin 0 da 1, sai a gina sabuwar lamba wadda gurbinta na n ya saɓa wa gurbin n na lamba ta n. A riƙa sa 5, sai inda aka tarar da 5 a sa 6. Ana guje wa 0 da 9 ne saboda 0.4999… da 0.5 lamba ɗaya ce, kuma wanda bai kula da wannan ba hujjarsa tana da ɓaraka. Kusan kowane aji akwai mai tambayar me ya hana a yi wa lambobin ƙirga irin wannan. Amsar ita ce abin da zai fito yana da gurabe marasa iyaka, lambar ƙirga kuwa gurabenta suna ƙarewa.

A 1901 Bertrand Russell ya gano tarin duk tarurrukan da ba sa cikin kansu: idan yana cikin kansa to ba ya ciki, idan ba ya ciki to yana ciki. Tufka da warwara a gindin lissafi. Ernst Zermelo ya kawo ginshiƙai, wato jimlolin tushe da ake ɗauka ba tare da hujja ba, a 1908, Abraham Fraenkel da Thoralf Skolem suka gyara a 1922, aka samu tsarin da ake kira ZFC, wanda mafi yawan lissafin yau yake zaune a kansa ko mai yi ya sani ko bai sani ba. David Hilbert kuma ya nemi a tabbatar, da hanyoyi masu iyaka, cewa irin wannan tsari ba zai taɓa cin karo da kansa ba.

Kurt Gödel ya kawo sakamako biyu da sunayensu suke ruɗa ɗalibai. Tiyorem ɗin kammaluwa na 1929 ya ce a manɗiƙin mataki na farko, duk jimlar da take gaskiya a cikin kowane samfuri na ginshiƙai tana da hujja daga ginshiƙan. Samfuri a nan shi ne duk wani tsarin lissafi da ginshiƙan suka tabbata a cikinsa, kamar yadda kowane gurup yake samfurin ginshiƙan gurup. Tiyorem ɗin rashin kammaluwa na 1931 kuma ya ce duk tsarin ginshiƙai da ya cika sharaɗi uku yana da jimlar da ba zai iya tabbatarwa ba, ba zai iya korewa ba. Sharuɗɗan: ba ya cin karo da kansa, inji yana iya tantance mene ne ginshiƙi a cikinsa, kuma yana ɗauke da isasshen lissafin tarawa da ninkawa na lambobin ƙirga. (A asali Gödel ya buƙaci sharaɗin da ya ɗan fi na farko ƙarfi, Barkley Rosser ne ya sassauta shi a 1936.) Biyun ba su saɓa ba. Jimlar da ta gagara tana gaskiya a wani samfuri, tana ƙarya a wani.

Dabarar ita ce mayar da jimla lamba. A ba kowace alama lambarta, a ɗora su a kan lambobi firam a jere: alamomi masu lamba 1, 2, 3 sun zama 2 sau 3² sau 5³, wato 2,250, kuma daga 2,250 ana iya warware su a koma. Da haka "wannan hujjar waccan jimla ce" ta zama magana a kan lambobi, tsarin ya fara magana a kan kansa. Tiyorem na biyu na rashin kammaluwa ya biyo baya: irin wannan tsari ba zai iya tabbatar da rashin cin karonsa da kansa ba, abin da ya rushe burin Hilbert a siffarsa ta farko.

Babu tiyorem ɗin da ake murɗe wa ma'ana kamar wannan. Za ka ji ana kafa hujja da shi a muhawarar addini ko ta falsafa, wai ya nuna babu gaskiya tabbatacciya, ko hankalin ɗan Adam ya fi kowace kwamfuta. Bai ce ko ɗaya ba. Sharuɗɗan uku ne ke ɗauke da nauyin, kuma da an cire ɗaya sakamakon ya tafi. Mojżesz Presburger ya nuna a 1929 cewa lissafin tarawa zalla, babu ninkawa, kammalalle ne, har akwai hanyar inji ta yanke hukunci a kan kowace jimlarsa. Alfred Tarski ya nuna irin haka ga aljebrar lambobin layi da jometiri na farko. Ɗalibin da zai rubuta a kan Gödel bai san waɗannan biyu ba, bai san iyakar abin da yake rubutawa ba.

Wanda yake so ya ga jimlar da ta gagara da idonsa, ya duba jerin Goodstein. Fara da 4, rubuta ta 2², mayar da kowane 2 ya zama 3, cire 1: 26. Rubuta 26 a tushen 3, mayar da 3 ya zama 4, cire 1: 41. Sai 60, 83, 109, haka yake ta hawa. Reuben Goodstein ya tabbatar a 1944 cewa ko da wace lamba aka fara, jerin sai ya dawo sifiri. A 1982 Laurie Kirby da Jeff Paris suka nuna cewa ginshiƙan Peano na lambobin ƙirga ba za su iya tabbatar da wannan ba, sai an ari lissafin marar iyaka.

Fagen ya kasu huɗu a yau. Ilimin tari yana bin girman marar iyaka: tambayar farko a jerin matsaloli 23 na Hilbert na 1900, ko akwai girma tsakanin na lambobin ƙirga da na layi, Gödel ya nuna a 1938 cewa ZFC ba zai kore amsar "babu" ba, Paul Cohen ya nuna a 1963 cewa ba zai tabbatar da ita ba. Ilimin abin da inji zai iya lissafawa ya taso daga aikin Alonzo Church da Alan Turing a 1936, ya kai ga Yuri Matiyasevich a 1970, wanda ya ɗora a kan aikin Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson ya nuna babu hanyar inji ta gane ko lissafin folinomiyal yana da amsa a cikakkun lambobi. Ilimin hujja yana auna ƙarfin tsare-tsare, tun daga Gerhard Gentzen a 1936. Na huɗu, ilimin samfuri, shi ya fi cuɗanya da sauran lissafi, kuma shi ya fi dacewa da wanda ya tashi a sashen lissafi irin namu.

Makaminsa na farko tiyorem ɗin taƙaituwa ne: idan kowane yanki mai iyaka na tarin jimloli yana da samfuri, to dukan tarin yana da shi. Ɗauki duk jimlolin da suke gaskiya a kan lambobin ƙirga, ƙara sabuwar alama c, ƙara "c ta fi 1", "c ta fi 2", har abada. Kowane yanki mai iyaka ya ambaci lambobi kaɗan ne, sai a ba c wadda ta fi su. Saboda haka akwai samfurin da ya yarda da lambobin ƙirga a kowace jimla, amma yana ɗauke da lambar da ta fi 1, 2, 3 da duk 'yan'uwansu. Da irin wannan Abraham Robinson ya ba ƙananan adadi marasa iyaka na kalkulas gindin zama a shekarun 1960. Da shi kuma James Ax ya tabbatar cewa taswirar folinomiyal daga sararin lambobin kamfiles zuwa kansa, idan ba ta haɗa wurare biyu a wuri ɗaya ba, to ta game ko'ina. A fili mai iyaka, wato tsarin lambobi ƙidayayyu da ake tarawa, ninkawa da rabawa a cikinsa, maganar ƙirga ce kawai, manɗiƙi ne yake ɗauko ta ya tsallakar da ita. Hujjar ba ta cika shafi ba, amma wanda bai ƙware a ilimin fili na aljebra ba, ba zai fahimci layi ɗaya ba.

Hanyar daga Kumasi

A nan ne masu sha'awar fagen suke kuskure. Sun karanta labarin Gödel, zuciya ta tashi, sai su yi sakaci da aljebra da analisis da tofoloji suna ganin ba nasu ba ne. Kwamitin da zai duba takardunsu a waje makin waɗannan kwasa-kwasai zai fara dubawa, domin binciken manɗiƙi na yau da su ake yi. Ehud Hrushovski da ilimin samfuri ya warware wani ɓangare na matsalar jometirin aljebra da ake kira Mordell–Lang a 1996.

Ƙarfin lissafi a Gana ya karkata ne wajen lissafin aikace-aikace, ƙididdiga, lissafin inshora da fisiks ɗin lissafi, fagen marigayi Farfesa Francis Allotey, wanda ya daɗe yana koyarwa a Tek kuma ya jagoranci kafa reshen AIMS, cibiyar Afirka ta ilimin lissafi, a Gana a 2012. Masu duba bincike a manɗiƙi zalla ba su da yawa. Wannan yana sauya dabara, bai rufe ƙofa ba. Aikin kammala digiri shi ne dama ta farko, kuma zaɓen take ne ke raba gardama. "Tiyorem ɗin Gödel da ma'anarsa" take ne da kan ƙare a labari babu hujja ko ɗaya. Ya fi kyau a ɗauki abu ƙarami a yi shi cikakke: kammaluwar manɗiƙin jimloli daga farko har ƙarshe, ko taƙaituwa da amfaninta wajen rina taswira marar iyaka, ko tiyorem ɗin Ax. Irin waɗannan malamin aljebra ko na lissafin kwamfuta zai iya dubawa ko da manɗiƙi ba fagensa ba ne. A rubuta da LaTeX, manhajar rubuta lissafi, tun daga babin farko. Littafin Open Logic Project kyauta ne a intanet, ya isa a fara, kuma sababbin takardun bincike suna fitowa a sashen manɗiƙi na rumbun intanet na arXiv.

Hanya ta biyu ta buɗe ne a 'yan shekarun nan: manhajojin da ke duba hujja. Georges Gonthier ya sa Coq ta duba tiyorem ɗin launi huɗu a 2005. Leonardo de Moura ya fara Lean a 2013, kuma a 2022 aka kammala duba wata hujja mai wuya ta Peter Scholze da ita. Amfaninta ga ɗalibin Tek a fili yake: kyauta ce, ba ta gajiya, ba ta karɓar "a bayyane yake", kuma aikin da aka karɓa a ɗakin karatunta na mathlib kowa a duniya yana iya gani. Wasan Natural Number Game yana gudana a burauza, can ya kamata a fara. Sauke mathlib yana cin gigabait da yawa, gara a yi shi da intanet ɗin makaranta. Tana da tarkunanta. A lambobin ƙirga na Lean, 2 − 3 sifiri ne, raba lamba da sifiri ma sifiri yake bayarwa, don haka jimla tana iya wucewa saboda dalilin da ba shi kake nufi ba. Kalmar sorry tana rufe giɓi ta bar gargaɗi kawai, sai an bincika babu ita ko ɗaya kafin a ce an gama. Babban tarkon shi ne manhajar tana duba hujjar abin da ka rubuta, ba ta duba ko abin da ka rubuta shi kake nufi. Sauya wurin "kowane" da "akwai", ko sa sharuɗɗa biyu masu cin karo, za ta amince maka da tiyorem maras amfani.

Shekarar bautar ƙasa a matsayin mataimakin malami a sashen tana da daraja biyu: gyara takardun 'yan shekarar farko yana koya wa mutum ganin ɓaraka a hujja, kuma malaman da za su rubuta masa takardar shaida suna ganin aikinsa kullum. Daga nan wasu sukan yi MPhil na shekara biyu a gida a aljebra ko analisis, wasu su nemi digiri na biyu na AIMS, wanda ake ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya, malamai kuma suna zuwa daga ƙasashe daban-daban su koyar na mako uku-uku, abin da kan haɗa ɗalibi da mai duba aikinsa na gaba. Wuraren da manɗiƙi ya yi ƙarfi sun haɗa da Leeds da Oxford da Manchester a Ingila, Münster a Jamus, Biyana, Faris, Amsterdam mai digiri na biyu a manɗiƙi zalla, da Berkeley a Amurka. Jami'o'in Amurka galibi suna rufe karɓar takardun digirin digirgir a Disamba, don haka a nemi takardar maki da shaidar malamai uku tun watanni kafin nan, a gama gyara aikin kammala digirin ya zama abin da za a iya liƙawa. A wasiƙar neman gurbi, sakin layi ɗaya da ya faɗi wane tiyorem ka yi hujjarsa da hannunka, a wane mataki ka maƙale, da wace dabara ka fita, ya fi shafi biyu na yabon Gödel aiki a wajen mai karantawa.